Dokin da Malam Ya Kai Gaisuwa

Mijina bai taɓa duba doki ta fuska ba. Idan aka kawo masa dabba aka ce ya duba, abin da yake fara nema tsintsiya ce, kuma tsintsiyata ta ɗaki, wadda nake ɓoyewa bayan randa don kada ya gani. Sai ya share ƙasar lungunmu tas, ya yayyafa ruwan da na saya hannun ɗan garuwa don girki, sannan ya ce a jawo dokin ya taka wurin. Daga nan sai ya durƙusa yana karanta sawu. Yana so ya ga kofaton baya ya sauka cikin sawun na gaba ko ya ɗan wuce shi, kuma dama da hagu su zo daidai. In sawun ya yi masa, sai ya auna faɗin ƙirji da kamun hannunsa, ya bi jijiyar bayan ƙafa da yatsa tun daga gwiwa har ƙasa, ya sa a zagaya da dokin da gudu, ya ɗora kunne a haƙarƙarinsa. Mai doki yana ta yabon launi da kyan wuya, shi ko ɗaga kai ba ya yi. Yakan ce dokin hawa da baya yake aiki, dokin ja kuwa da ƙirji da cinya, launi kuma ba ya jan kaya.

Muna zaune ne a unguwar Hindawiyya a Makka, cikin ɗakin kwano irin wanda ake ce wa sandaka, a shekarun da ake ta rushe-rushe ana faɗaɗa Harami. Ta Sudan muka biyo, kamar yawancin maƙwabtanmu, muka yi aikin hajji muka zauna, ba mu da igama, wato takardar zama. Ni ina sayar da gyaɗa da hatsin tantabaru. Malam, haka nake kiransa, yana da karo, keken doki na dako, yana kwasar buhunan fulawa da siminti daga kasuwar Jarwal zuwa duk inda aka aike shi. Amma shi a ransa ba ɗan dako ba ne. Kafin mu ƙetaro teku ya yi shekaru a garin Madani na Sudan yana tuƙa wa wani ɗan kasuwa hantur, keken doki na alfarma mai rumfa da kujerun fata, wanda dawaki biyu ke ja a jere. Ya sha ba ni labarin wannan keke har na haddace adadin ƙararrawar da ke jikinsa.

Goɗiyar da ke jan karonmu ba abar kallo ba ce. Gajera ce, mai babban kai, amma ƙirjinta kamar ƙofar zaure, kuma ba ta taɓa tsayawa a hawan dutse ba. Malam ya ƙudurta sai ya samu ɗa daga gare ta, ya yi shekara biyu yana neman ingarman da zai hau ta. An nuna masa dawakin Larabawa na hawa, masu siririyar ƙafa da ɗaga wutsiya, ya ce shi ba ɗan rawa yake nema ba. Daga ƙarshe a unguwar Utaibiyya ya ga wani jan doki ɗan asalin Dungula ta Sudan yana jan tankin kananzir, ya bi shi a ƙafa wuni guda yana kallon takunsa, har mai kananzir ya tsaya ya tambaye shi ko lafiya. Sai da ya yi wa mutumin gyaran kofato na wata uku kafin ya yarda ya ara masa dokin.

Watannin da goɗiyar ta yi nauyi, Malam ya rage mata kaya, daga baya ma ya ajiye ta ya koma dako da kafaɗarsa. Gyaɗata ce ta riƙe gidan, kuma ban yi shiru ba, na faɗa masa safe da yamma. Amma ranar da ta haihu, na ga ɗan ya miƙe yana rawar ƙafa, ja mai farin goshi, ni ma sai da na yi guɗa. Shekara huɗu muka yi muna renonsa. Na ce muka, domin ni ce mai jiƙa dusa, ni ce mai bin alhazan ƙasarmu lokacin hajji ina roƙon su rage mini kanwar da suka zo da ita, don Malam ya ce dokin da ba ya lasar kanwa ba ya ƙashi. Da buhu wofi aka fara koya masa, a ɗora a bayansa a cire. Sannan ya ja guntun itace, sannan aka ɗaure shi gefen uwarsa yana bin karo ba ya jan komai. Bai taɓa sanin bulala ba. Da ya cika doki, idan yana sassarfa a kan hanya, ko ni da ban san kan abin ba ina jin sautin kofatonsa daidai wa daida kamar dakan mata biyu da suka saba da juna.

Ban taɓa jin Malam ya yabe shi ba, kamar yadda bai taɓa yabon 'yarmu ta fari ba. In mutane suka ce masha Allahu, sai ya ce ai ɗan jaki ne. Amma ya ƙi sa shi dakon siminti, kuma na san dalili.

A lokacin motoci sun cika Makka, hantur ya zama abin sha'awa na masu hali. Akwai wasu attajirai uku ko huɗu da ke da shi, ran Juma'a bayan la'asar sukan fita wani fili a bayan gari, wajen hanyar Jidda, su yi tsere, su zagaya wasu duwatsu da aka jera, a ga wanda dawakinsa suka fi iya kwana ba tare da taya ta taɓa dutse ba. Talakawa su tsaya gefe su yi kallo, mu kuma mu sayar da gyaɗa. Malam bai taɓa fashin zuwa ba. Yana tsaye hannayensa a baya, yatsunsa suna motsi kamar linzamin yana hannunsa. Abin da yake so a duniya ɗaya ne: ya ga dokinsa a gaban hantur, shi kuma yana zaune a kujerar tuƙi.

Sai ga dama ta zo. Ɗaya daga cikin attajiran, wani mai shagunan yadi, dokinsa na dama ya tsufa, wakilinsa ya shiga neman jan doki mai farin goshi da zai dace da na hagu. Aka kwatanta masa gidanmu. Ya zo ya zagaya dokin sau biyu, ya dubi goshi, ya dubi wutsiya, ko ƙafa ɗaya bai ɗaga ba, ya ce maigidansa zai saya, a faɗi abin da ake so. Malam ya ce a ba shi kwana biyu.

Maimakon ya yi shawara da ni da na jiƙa dusar, sai ya tafi wurin dattawan unguwa, waɗanda ke zama a tabarma ƙofar masallaci bayan azahar. Mutanen kirki ne, Allah ya jiƙansu, amma sun shekara talatin a Makka zukatansu suna can ƙauyukan da suka baro. Suka ce masa ba a sayar wa babban mutum doki, kai masa ake yi gaisuwa. In ka sayar, ciniki ya ƙare, kai da dokinka sai a lahira. In ka kai gaisuwa kuwa, ka zama nasa, shi ya zama ubangidanka, kuma duk wanda ya san ya kamata zai ce ka bi dokin barga, don mai doki shi ya san halin dokinsa. Daga nan kujerar tuƙi, daga nan igama, sai abin da Allah ya yi. Yaba kyauta tukuici, in ji su, alheri kuma danƙo ne.

Da ya dawo ya faɗa mini, na ajiye farantin gyaɗa na dube shi.

"Malam, nan fa ba Kano ba ce. Mutumin nan ya san ana haka?"

"Babba babba ne ko'ina," in ji shi.

"To in ka kai, ka buɗe baki ka ce masa aiki kake so. Ka ce kai za ka tuƙa."

Sai ya ɓata rai, ya ce wanda ya kai gaisuwa ba ya roƙo, in ya roƙa ya mayar da gaisuwar ciniki. Na ce masa in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni ce yaron ke nan, da 'ya'yana uku. Ranar dai tuwon da ya ci da gudaji ya ci shi.

Ban je wurin kai dokin ba, shi ya ba ni labari. Ya ce attajirin ya fito da kansa, ya yi murna ƙwarai, ya yi ta maimaita masha Allahu, ya tambaya har sau uku ko da gaske kyauta ce. Aka kawo gahawa da dabino. Aka ba Malam kwalbar turare da yadi mai kyau. Sannan wani arbaji, wato mai tuƙin hantur, da aka ɗauko daga ƙetare, ya zo ya karɓi ragamar daga hannunsa. Malam ya tsaya yana jiran a ce masa ya bi su. Attajirin ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya yi albarka, ma'assalama, ya shige gida. Duk da haka Malam ya dawo da fara'a, ya ce manya ba sa gaggawa.

Washegari ya koma gaisuwar safe, kamar yadda bara yake yi wa ubangidansa a ƙasarmu. Ya koma jibi, ya koma gata. Yana zuwa ya zauna ƙofar gida ya jira, ko maigidan ya fito ya shiga mota ya ɗaga masa hannu, ko ma bai fito ba. Mai gadin ƙofar ya ba shi shayi kwana biyu na farko. Kwana na goma ya tambaye shi a hankali me yake nema, in wata bukata ce ya faɗa, in kuma babu, maigida ba ya son zaman ƙofa. Ya nemi a bar shi ya leƙa barga, aka ce arbaji ba ya son baƙo a wurin aikinsa. Malam ya dawo ya ɗaura wa tsohuwar goɗiya karo ya koma Jarwal.

Juma'a ta uku aka fito da dokin fili. Ba zan yi ƙarya ba, da hantur ɗin ya ɓullo mutane sai da suka yi tafi. Dawaki biyu jajaye, fararen goshi, kayan fata baƙi da tagulla yana ƙyalli, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Ni ma zuciyata ta cika. Na juya in ga fuskar Malam, sai na ga ba ya kallo, ya sunkuyar da kai yana saurare.

"Ɗaya yana ja, ɗaya yana rakiya," in ji shi.

Da ya nuna mini sai na gani. Dokin hagu na hawa ne aka ɗaura wa keke, gajeren taku gare shi, yana ta rangaji yana ɗaga kai, igiyoyin jansa sako-sako. Namu kuwa ya ba da ƙirji, shi kaɗai yake jan keken da mutum huɗu a ciki, kuma dole ya gutsure takunsa don kada ya bar abokin a baya. An ɗaure masa kai sama da wata igiya don ya yi ƙasaita, alhali dokin da ke ja yana bukatar ya sauke wuya. In aka zo kwana, na hagu ya noƙe, arbaji ya ɗaga bulala, kuma a kan namu take sauka, don shi ne ya ga yana amsawa. Dokin da muka rena shekara huɗu ba a taɓa ɗaga masa murya ba. Na ji kamar a bayana ake zuba ta.

Su suka ci tseren ranar. Da aka tsaya, Malam ya matsa kusa da arbajin, ya gaishe shi da ladabi, ya ce masa da Larabcinsa na dako, don Allah ya rage tsawon igiyoyin na hagu da ɗani ɗaya don shi ma ya ɗauki rabonsa, ya kuma sassauta wa na dama kai. Dokin ya ji muryarsa ya juyo yana haniniya. Arbajin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya yi dariya, ya juya wajen mutane yana cewa su zo su ji, Takaruni, wato baƙin mutum ɗan ƙasashenmu, zai koya masa doki. Wasu suka taya shi dariyar. Malam ya ja da baya yana murmushi, irin murmushin da nake ƙi a fuskarsa.

Ni ban iya murmushin nan ba. Na aza farantina a ka, na matsa, na gaya wa arbajin nan da Hausa abin da yake, shi da wanda ya koya masa riƙon linzami. Na ce masa mai haɗa dawaki don launi, gobe sai ya aurar da 'yarsa don rawani. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma matan unguwarmu da ke wurin sun ji, har yau masu rai a cikinsu suna tuna mini. Malam ya ja mayafina ya ce in rufa masa asiri, mu da ba mu da takarda.

Ya gwada ta wajen wakili. Ya tare shi a kasuwa ya ce a gaya wa maigida in aka ci gaba haka, jijiyar dokin ba za ta kai hajji ba. Wakilin ya ce masa abin da aka bayar an bayar, mai kyauta ba ya bin kyautarsa da baki, in kuma wani abu yake so a ƙara masa, ya faɗa. Malam ya dawo yana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, da maigidan ya ji da ya gyara. Ni ban yarda ba ko a lokacin. Mutum yana zaune a bayan dawaki kowace Juma'a, idonsa biyu, yana ganin ɗaya ya jiƙe sharkaf da gumi ɗaya a bushe, sai a ce mini bafade ne mugu? Bai dai damu ya duba ba ne, tunda ana yi masa tafi.

Malam bai daina zuwa filin ba. Kowace Juma'a yana dawowa ya faɗa mini abin da ya ji, kamar mai kawo labarin marar lafiya daga asibiti: yau yana saurin ɗauke ƙafar dama, yau ya fara tuntuɓe a kwana, yau an yi masa takalmin ƙarfe da ya yi masa kaɗan. Ni na canza wurin sayar da gyaɗata. Wata Juma'a ya dawo ya ce ba a fito da shi ba, wani jan doki aka ɗaura a gurbinsa.

Bayan kamar wata biyar da kai shi, da hantsi, sai ga wakilin a lungunmu da wani bawan Allah yana jan doki a baya. Sai da na ga farin goshin na gane shi. Ya rame, gashin ƙirjinsa ya cinye, akwai gyambo inda fata ke gogarsa, yana taka ƙafafun gaba kamar mai tafiya a kan ƙaya. Wakilin ya tsaya inda kowa zai ji, ya ce maigidansa ya ba Malam wannan doki sadaka, saboda Allah, ladan ya kai ga mahaifinsa da ya rasu, a sa shi a addu'a.

Sadaka. Dokin da aka haifa a bayan ɗakina, wanda na bi alhazai ina roƙa wa kanwa.

Kafin in buɗe baki lungu ya cika. Maƙwabta suna ta Allah ya saka da alheri, suna cewa irin waɗannan attajirai su ne gatan talaka. Dattawan tabarma suka iso da sandunansu, babbansu ya ce wa Malam, ka gani ko, ai mun faɗa maka alheri ba ya faɗuwa ƙasa banza, ga dokinka ya dawo, ga kuma ka shiga ran babban mutum. Malam ya matsa wajen dokin. Ya durƙusa ya bi jijiyar ƙafar dama da yatsa, ya koma ta hagu. Duka biyun sun kumbura sun lanƙwashe kamar baka. Dokin ya sa hanci a wuyansa yana shinshina.

Da mutane suka watse ya ce mini, "Ba zai ƙara jan ko buhu ɗaya ba."

Dattawan kuwa sun bar masa saƙo cewa gobe da safe lallai ya je godiya, don ba a karɓar kyautar babba a kwana biyu ba a je ba. Na ce wallahi ba zai je ba. Na ce in godiya ake so, a bar ni ni in je in yi ta. Ya bar ni na gama, sannan ya ce wakilin ya san ƙofar ɗakinmu, ya kuma san ba mu da igama, kuma mutumin da aka ce ya raina sadakar attajiri ba ya daɗewa a unguwa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Ni da hannuna na wanke masa farar rigarsa na shanya.

Ya tafi da sassafe, ya dawo kafin azahar. Ina tsugune ina shafa wa dokin man kaɗanya a ƙirji. Ya zauna a kan turmi ya ce wannan karon an shigar da shi har cikin falo, maigidan ya karɓe shi da fara'a, ya ce ba komai, ai shi cewa ya yi a ba duk wani talaka mai karo, ya ji daɗi da abin ya faɗa hannun mutumin kirki. Ya tambaye shi sunansa da ƙasarsu. Bai gane shi ba. Sannan ya yi masa nasiha cewa wannan doki ne mai asali, ba irin na dako ba ne, yana son kulawa, in bai san yadda ake riƙon irinsa ba ya tsaya wurin arbaji a nuna masa.

Na ce, "Kai kuma me ka ce?"

Ya karɓi man daga hannuna ya ci gaba da shafawa.

"Na ce masa zan koya."